Lakadan Ba Ajalan Ba

Akwai wata cuta da ke kama Bahaushen da ya daɗe a Turai, ba kuma a gane ta sai ya zo gida hutu. Alamarta ita ce ba ya iya ganin abu ya yi shiru. Ya ga yadda ake tuƙi, ya ce can ba haka ake yi ba. Ya ga layi a banki, ya girgiza kai ya ja tsaki. Ya ga tsohuwa ta kwance haɓar zane ta ciro kuɗi, sai tausayin nahiyar Afirka gaba ɗaya ya taso masa. Kowa da inda tasa ta fi ƙarfi. Wani a kan shara, wani a kan rashin cika lokaci. Ni tawa a kan kuɗi ta sauka, saboda ina da wani kati.

A Birmingham ta ƙasar Ingila nake zaune, ina aikin dare a wani katafaren sito, ko da yake a gida abin da aka sani shi ne "yana harkar kamfani," ni kuma ban ga dalilin gyara wa kowa ba. Can na buɗe irin asusun nan na waya da mazauna ƙetare suka runguma. Asusu ɗaya ne, amma kowane kuɗi da wurin zamansa: ga fam, ga yuro, ga dalar Amurka, ga riyal. Albashi ya shigo da fam, ka danna sau biyu ka mayar da wani yuro. Ka je umara, ka manna katin a kantin dabino, ya cire riyal ba tare da ka nemi ɗan canji a bayan Harami ba. Farashin da suke ba ka na tsakiyar kasuwa ne, su ɗauki ɗan ladansu a fili, ka gani da idonka. Ba zan ci amanar katin ba, ya yi mini rana. Wanda ya tuna 2022, lokacin da bankunan gida suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala ashirin a wata, daga baya ma suka rufe ƙofar ruf, ya san yadda ɗalibai da marasa lafiya suka ji a jikinsu. Ni a lokacin ina ta shawagi da katina, ina ba mutane shawara kyauta.

A ƙarshen Disamban 2024 aka sa ranar auren taubashina, ɗan Goggo da ke aure a Maraɗi. Mu Katsinawa ba mu ɗauki Maraɗi wata ƙasa ba. Waɗanda suka kafa ta daga Katsina suka fita bayan jihadi, sarkinta ma har gobe Sarkin Katsina ake kiransa, kuma da wuya ka sami tsohon gida a cikin birni da ba shi da dangi can. Da aka fara rabon nauyi a zauren dangi na WhatsApp, wannan ya ɗauki goro, wancan ya ɗauki buhun shinkafa, sai na yi shiru har kowa ya gama, sannan na rubuta: "Sadaki a kaina." Jika ɗari biyu ne, wato sefa dubu ɗari biyu. Kafin in rubuta na riga na buga lissafi a ɓoye, yuro 305 ne, bai kai albashin mako ba. Addu'o'i suka dinga kwararowa ta murya. Goggo ta yi ta sa albarka har muryarta ta shaƙe, ni kuma na yi ta maimaita saurare a cikin bas, ina kallon Turawan da ke kusa da ni da tausayi, don su ba su da Goggo.

Tsarina kuwa, ko yanzu ina nan kan bakana, tsari ne mai kyau. Sefa ba kamar naira ba ce da ke kwana da wani farashi ta tashi da wani. Tun 1999 aka ɗaure ta a jikin yuro, kowane yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta gaba ba ta baya. Babban bankinsu da ke Dakar shi ke fitar da ita ga ƙasashe takwas, daga Senegal har Nijar. To tunda ina da yuro a ajiye, me zai kai ni in sayar da fam in sayi naira, in sake sayar da naira in sayi sefa, kowane mataki a yanke ni? Kawai in isa Maraɗi, in zura kati a na'urar banki, 'yan jika goma-goma sababbi ƙal guda ashirin su fito, in sa a ambulan.

Don haka da na sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, ƙanena ya ce, "Yaya, mu biya Wapa ka canza?" sai na yi dariya. Na fara masa bayanin farashin tsakiyar kasuwa tun daga Kurna, ban dire aya ba sai Bichi. Yaron kirki ne, bai ce komai ba, ya dai ƙara murɗa rediyo kaɗan.

A Katsina na yi abubuwa biyu da a lokacin na ɗauka dabara ce. Na cire sim ɗin Ingila don kar su cinye mini kuɗi, na sa na gida, na jefa wancan a gwangwanin alawar da Hajiya ke ajiye allura da zare. Sannan 'yar nairar da ƙanena ya haɗo mini na rabar da ita kaf ga masu zuwa sannu da zuwa. Mutum ba zai zo daga Ingila a gaishe shi ya ce Allah ya ba da sa'a ba. Asusuna na naira kuwa ya daɗe da yin barci, ban ma tuna lambarsa ba.

Da Baffa za mu tafi, ƙanen mahaifina. Tsohon falke ne, ya yi shekara arba'in yana jigilar wake da gero tsakanin Jibiya da Maraɗi, bai taɓa zama a aji ba. Shi har yau bai gama yarda an daina fam ba. A 1973 aka kawo naira, biyu a madadin fam ɗaya, amma Baffa in ya ce maka "jaka guda" to fam ɗari yake nufi, naira ɗari biyu ke nan, kai ka san yadda za ka yi da lissafinka. Da asubahin Asabar, muna jiran mota, ya dube ni.

"Ka canzo kuɗɗin?"

Na ciro katin na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya gaba ya juya baya, ya ɗan lanƙwasa shi ya ga ƙwarinsa.

"Nan ciki suke?"

"Har da na ƙasa huɗu, Baffa."

"To madalla," in ji shi. "Mu tahi." Shi ya biya kuɗin motar, na ce zan mayar masa a gaba.

Tsakanin Katsina da Jibiya ba wata tafiya ba ce in ba don shingaye ba. Kafin hantsi ya dubi ludayi mun isa Magama, inda Najeriya ta tsaya. Wanda bai taɓa zuwa ba zai ɗauka iyakar ƙasa wani wuri ne mai tsit da tuta. Magama kasuwa ce, tasha ce, masauki ne. Manyan motoci a jere, 'yan acaɓa na kai da kawo, 'yan kamasho na kiran Maraɗi, masu POS kowa da laimarsa, 'yan canji a kan benci da damman kuɗi ɗaure da roba. Baffa yana tafe yana ba ni tarihin ƙofar kamar mai karanta ta'aziyya. An rufe ta a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Afrilun 2022. Sojoji suka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, aka sake rufewa, sai Maris ɗin 2024 aka buɗe. Wato daga 2019 zuwa lokacin ta fi daɗewa a rufe fiye da a buɗe. Na tambaye shi yadda mutane suka yi. Ya ce, "Ƙohwa aka rufe, ba daji ba."

A nan ne shaiɗan ya raɗa mini cewa bai dace in shiga Nijar ba ko sisi a aljihu, ga kuma bashin Baffa na kuɗin mota. Gaskiyar magana, so nake a ga katin yana aiki. Na zaɓi wani yaro mai laima shuɗiya.

"Nawa kake iya bayarwa?" na tambaye shi, don ya san da wa yake magana.

"Dubu ɗari, Alhaji. Babban Banki ya ce kar a wuce haka ga mutum ɗaya a rana."

Na taɓe baki alamar abin ya yi mini kaɗan. Sannan na ce ya ba ni dubu ashirin.

Ya karɓi katin ya nemi sunan bankin da ya sani, bai gani ba. "Alhaji, wannan na wane banki ne?" Na ce na duniya ne. Ya zura, na danna lambar sirri ina kare hannu yadda ake yi can, na'ura ta yi tunani, ta tofo 'yar takarda. "Ya ƙi." Na ce sabis ne, sake. Ya sake, ya ƙi. Na ce na'urarka ce, na koma wurin maƙwabcinsa. Daga nan na koma wurin maƙwabcin maƙwabcinsa. Zuwa lokacin na yi jama'a: almajirai biyu, mai rake, da wani ɗan kamasho Banijare da ya bar motarsa tana lodi ya biyo ni don ya ga ƙarshen abin.

Sai wayata ta yi ƙara. Saƙo ne daga kamfanin katin. Sun lura da wani motsi da ba su saba gani ba, saboda haka sun daskarar da katin, domin kare ni.

In aka yi adalci, ba su yi laifi ba. Kati ne da ya shekara da shekaru bai san komai ba sai burodi, tikitin bas da kaza a shagon wani Bapakistane. Rana ɗaya sai ga shi a wani wuri da kwamfutarsu ba ta taɓa jin sunansa ba, yana tsalle daga wannan na'ura zuwa waccan yana neman tsabar kuɗi. Ko ni ne kwamfutar, ɓarawo zan ce. Matsalar kawai ita ce ɓarawon da suke kare ni daga gare shi yana sanye da farar shaddata.

Suka ce abu mai sauƙi ne, sun aika lamba shida zuwa layina, in shigar da ita. Layina yana Katsina, cikin gwangwani, tsakanin allura da zare. Na kira ƙanena. Ya ce Hajiya ta tafi suna Kaita da makullin ɗakin a jakarta, kuma kowa ya san Hajiya in tana gidan biki ko Sarki ne ya kira ba ta ji.

Manhajar ta ce ba komai, akwai wata hanya. In riƙe fasfo kusa da kumatuna, in kalli waya, in juya kai dama, in juya hagu, in ƙifta ido. Amma wannan sai da intanet mai ƙarfi, a Magama kuwa waya ba ta san ƙasar da take ba. Kana tsaye ba ka motsa ba sai saƙo ya shigo yana maka barka da zuwa Nijar, ka ɗan karkata ka dawo Najeriya. Mutanen wurin dai gwanaye ne a wannan fanni. Tun 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi goma sha uku na Katsina saboda 'yan bindiga, har da Jibiya, kowa ya haddace inda sabis ke faɗowa. Mai rake ya nuna mini wani tudu kusa da tarin buhunan gawayi. Na tattare babbar riga na hau.

Manhaja ta ce in cire hula.

Akwai abin da dangi ba su sani ba game da zamana a Ingila, ban da maganar sito. Sanƙo. Duk hoton da na taɓa aikowa gida da hula ne. Hoton fasfon kuwa an ɗauke shi tun ina da suma. Na dubi jama'a, jama'a suka dube ni, na cire. Wani daga cikin almajiran ya ce "Kai!" da ƙarfi, ɗan'uwansa ya mangare shi. Na juya dama, na juya hagu, na ƙifta ido a gaban mutanen ƙasa biyu. Manhaja ta ce fuskar ba ta dace da ta fasfo ba. Ba na ganin laifinta, hunturu ya riga ya shafe ni da fari, leɓe ya tsage. Na goge fuska da hannun riga na sake. Wannan karon ta ce ta ga fuska fiye da ɗaya, ashe yaran sun hawo tudun sun leƙo ta bayan kafaɗata, ɗaya har da murmushi.

Na nemi magana da mutum. Aka haɗa ni da wata na'ura mai ladabi da ke fara kowace amsa da cewa ta fahimci damuwata. Na rubuta mata cewa gobe da safe za a ɗaura aure kuma sadaki na cikin katin nan. Ta tambaye ni ko ina so in san yadda ake canza launin kati. Da na matsa, sai ta yanke hukunci: tunda fuskata ta kasa, wani ma'aikaci zai duba lamarin da kansa a cikin kwanakin aiki. Ranar Asabar ce. Ina cikin karanta wannan wayar ta ɗauke ɗif.

Akwai mai caji a gindin tudun, da allonsa cike da wayoyi da ɗan janareta. Na miƙa masa. Ya ce naira ɗari biyu. Na laluba aljihun dama, na laluba na hagu, na laluba na gaba duk da na san babu. Fam, yuro, dala, riyal, duk suna nan lafiya lau a cikin wayar da ke neman ɗari biyu ta farfaɗo.

Duk wannan bidiri Baffa bai sa baki ba. Ya yi azahar, ya sha fura, ya sami benci a inuwa ya miƙe ƙafa. Da ya ga na tsaya gaban mai caji ina shafa aljihu, sai ya taso a hankali.

"An hiddo su?"

Na yi shiru. Ya sa hannu cikin 'yar shara ya ciro jaka guda ya ba mai caji, ya ce da ni, "Maida hularka, ɗan nan. Biyo ni."

Wurin wani dattijo ya kai ni, ɗan canji mai jan gemu, zaune a kan buzu da carbi a wuyan hannu. Sun gaisa da Baffa gaisuwar da ta ɗauki lokaci, aka tambayi iyali, aka tambayi sanyi, aka yi wa mutum uku ta'aziyya. Ni kuwa ina kallon rigarsa. Aljihun dama naira. Na hagu sefa. Na ƙirji akwai 'yan dalar Amurka da riyal saboda masu umara. A gabansa wayoyi uku ƙanana masu tocila, biyu da layin Nijar, da kalkuleta da lambobinta suka goge, da ɗan littafi mai datti. Asusun da nake alfahari da shi ne sak, sai dai nasa ba ya buƙatar caji.

Baffa ya faɗa masa buƙata: jika ɗari biyu, gobe kafin ƙarfe takwas, a Maraɗi. Ni kuma, don kar a ɗauka matsiyaci aka kawo, sai na tsoma baki.

"Alhaji, ba wai babu ba ne. Wallahi ina da dala dubu biyu a cikin katin nan."

Ɗan kamashon nan da ya biyo ni tun daga laima shuɗiya ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Mushe, dala dubu biyu ai jika goma ce! Da jika goma za ka yi sadaki?" Na san wannan tun ina yaro, na san a Nijar dala sefa biyar ce kuma da ita ake ƙirga komai a kasuwa, amma zaman Ingila ya wanke mini shi. Wato a kunnen rabin mutanen da ke wurin, duk hawa tudu da tuɓe hular nan a kan abin da bai wuce kuɗin buhun gawayi biyu ba na yi shi. Na fara bayanin cewa ta Amurka nake nufi. Ba wanda ya saurara.

Dattijon bai yi dariya ba. Bai kuma dubi katin ba. Baffa ya tambaya, "Ɗan wa ne?"

"Ɗan marigayi yayana ne, na Rafindaɗi."

"Mai shagon yadi?" Ya ajiye carbi ya dube ni sosai a karon farko. "Allah ya jiƙansa. Ga goshin nan kuwa." Ban sani ba ko sanƙon yake nufi.

Shi ke nan binciken. Bai ce in juya dama ba, bai ce in ƙifta ido ba. Ya ɗauki ɗaya daga cikin wayoyin ya kira ƙanensa a babbar kasuwar Maraɗi, ya yi magana da ba ta kai minti guda ba, ya rubuta layi ɗaya da ajami a littafin nan. Ya ce ba ya son mu ɗauki kuɗi a mota, in mun isa za a kawo mana har gida. Ya zaro jika goma ya ba Baffa na hanya, ya ƙara a layin. Sannan ya buga kalkuleta ya juyo mini da ita: kowace jika sama da naira dubu biyu da ɗari biyar, jimla rabin miliyan da ɗoriya. Baffa ya yi ajiyar zuciya ya ce shekara goma baya jika ba ta kai naira ɗari huɗu ba, zamanin Shagari kuwa naira ta fi dalar Amurka, 'yan Nijar ne ke bin mu suna nema. Ni na lura farashin ya ɗara na tsakiyar kasuwa. Na buɗe baki zan yi magana. Baffa ya taka mini ƙafa, da gangan, da dukan nauyinsa.

Wannan hanyar ta girmi bankunan ƙasashen biyu. Ita ta riƙe kasuwa duk lokacin da gwamnatoci suka yi fushi da juna. A farkon 2023, da aka sauya fasalin naira takardar kuɗi ta ɓace, mutanen bakin iyaka da dama sefa suka koma karɓa, kuma ta hannun irin su Alhaji ta fito. A Nijar ma kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza kusan abin da suke yi ke nan da kanta da rasit: ka ba da kuɗi a wannan gari, a kira suna a wancan. Shugabannin Ecowas sun daɗe suna alkawarin kuɗin bai ɗaya mai suna Eco, ana ta ɗage ranar, yanzu an ce 2027, Nijar kuwa ta riga ta fice daga ƙungiyar. Kafin su gama taro, Alhaji ya haɗe kuɗin tun tuni a cikin riga ɗaya. Amma kar in cika yabo. Farashinsa da zafi, kuma littafin nan ba ya buɗewa sai ga wanda aka san ubansa. Baƙon da ba shi da Baffa, a Magama zai kwana da katinsa.

Muka karɓi waya, muka buga fasfo, muka wuce Ɗan Isa. Ashe motar ɗan kamashon nan muka shiga. Kafin ta tashi ya sanar da direba da fasinja duka cewa a kula da na gaba, Mushe Kati ne. Kilomita hamsin ɗin da ke tsakanin iyaka da Maraɗi, wata tsohuwa a baya ta yi ta miƙo mini gyaɗa tana cewa in ci, Allah na nan.

Da muka shiga gari da la'asar sakaliya, mota ta tsaya daidai ƙofar wani banki. Ga na'urar nan a cikin gilashi, fitilarta a kunne, wani matashi ya zura kati, 'yan jika goma-goma suka fito, ya ƙirga ya tafi abinsa. Na taɓa Baffa na nuna masa, don ya shaida tsarina ba shi da aibu. Ya duba, ya ce, "Lalle. Shi nashi ya yi."

Bayan isha'i wani yaro ya zo a kan babur, ya yi sallama, ya ba Baffa ƙunshi a baƙar leda. Ba sababbi ba ne. Tsofaffin 'yan jika biyar da jika bibbiyu ne masu warin kasuwa, amma sun cika cif. Na roƙi Baffa maganar ta tsaya tsakaninmu. Ya ce shi ba ya da surutu. Gaskiya ya faɗa, bai gaya wa kowa ba sai ango, wanda yake taubashina, wanda al'ada ta ba shi lasisin ya ci mutuncina har ƙarshen rayuwa.

Da safe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan amarya. Aka raba goro da dabino, waliyyai suka matso, na miƙa ambulan da hannuna aka ƙirga a gaban shaidu. Liman ya yi abin da ya kamata. Sai maroƙi ya miƙe ya ɗaga murya yadda za a ji a unguwa uku: an ɗaura aure a kan sadaki jika ɗari biyu, lakadan ba ajalan ba! Jama'a suka shafa fatiha. Ni ma na shafa. Maroƙi bai yi ƙarya ba, amarya lakadan ta karɓa. Ajalan ɗin yana can Magama, da ajami, da sunan ubana a kai.

Ban gama shafawa ba maroƙin ya juyo kaina, don an riga an nuna masa wanda ya biya. Ya kira ni na Ingila, ya kira ni mai kuɗi kala-kala, ya ce ni ne wanda fam ke gaisarwa da safe. Ya matso, ya ƙara matsowa, ya buɗe tafin hannu. Ango na gefe yana kallon sama, kafaɗunsa na rawa. Sai na ji an cusa mini wani abu a hannu ta ƙarƙashin riga. Jika guda ce, daga Baffa. Na miƙa wa maroƙi da isa, kamar na saba. A hanyar komawa masauki Baffa ya ce, "Wannan ma ka rubuta."

Ranar Talata, a Katsina, bayan na tono sim daga cikin zare, wani ma'aikaci ya duba hotona ya yarda cewa ni ne ni. Kati ya narke. Saƙo na gaba ya roƙe ni in ba su taurari gwargwadon yadda na ji daɗin hidimarsu. Na sayar da fam, na sayi naira, na tura wa Alhaji ta asusun ɗansa, wato dai na bi duk matakan yankan da na yi wa ƙanena lacca a kansu tun daga Kurna. Shi ya danna mini lambobin ma, bai ce uffan ba, ya dai tambaya ko in kunna masa bayanin nan na tsakiyar kasuwa ya ƙara fahimta. Na biya Baffa kuɗin mota, da jakar caji, da jikar maroƙi. Ya ƙirga a gabana, ya ce saura na fura, don a dalilina ya sha kwano biyu.

Har yanzu ina amfani da katin, kuma har yanzu yana aiki ko'ina daga Landan zuwa Jidda. A zauren dangi ne kawai ba na ambatonsa, don ango ya riga ya canza sunana a wayarsa, ya kuma ɗauki hoton ya turo kowa ya gani.

Mai karatu, in hanya ta bi da kai ta Magama ka hangi wani cikin farar shadda a kan tudu, hula a hammata, ya ɗaga waya sama yana ƙifta ido, don Allah kar ka tsaya kallo. Ba mahaukaci ba ne, mai kuɗi ne. Ka taimaka masa da naira ɗari biyu ya yi caji.